Baba Fensir da Tanki Na Uku

Ƙarfe bakwai saura kwata yake fito da kekensa. Ya matsa tayar gaba da babban yatsa, ya matsa ta baya, ya ɗaure tsohuwar jakarsa a kariyar bayan keken. Ba ya ɗora ƙafa a feda sai ya dafa aljihun rigarsa ya ji fensir uku na nan. Ba irin na 'yan makaranta ba ne da ake feƙewa da reza. Masu dannawa ne, waɗanda ake ɗura wa siririn baki kamar tsinken tsintsiya. Shekara ashirin da bakwai katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, kuma sau da yawa nakan jiyo maiɗakinsa ta biyo shi ƙofa da mita.

"Malam, gidan nan ya fi kantin littattafai fensir, amma in za a rubuta lambar waya sai na aro biro wajen Malama maƙwabciyarmu."

"Ba na rubutu ba ne."

"Na sani, na karyawa ne. Kai kaɗai ake biya don ka yi ɓarna."

Sai ya yi murmushi ya hau kekensa. A wurin aiki ma ba mai kiransa da sunan yanka. Baba Fensir, shi ke nan, tun daga maigadi har Manaja. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, kuma na san abin da za a faɗa a taron sallama: mutum ne mai gaskiya, mai zuwa aiki a kan lokaci. Na zauna a irin wannan taro fiye da yadda zan iya tunawa. Maganar ɗaya ce ga kowa, sannan a miƙa wa mutum agogon bango a daidai ranar da ya daina bukatar sanin lokaci. Shi ya sa na ce bari in rubuta nawa.

Kamfanin da yake wa aiki man girki yake tacewa. A bayan ginin akwai tankuna shida, kowanne ya kai tsayin bene mai hawa uku, amma bangonsa bai kai kaurin ƙaramin yatsana ba. Na ɗauka ƙari ne har sai da aka ɗora mini yankin ƙarfen a tafin hannu. A cikinsu ake tara man yana da zafi. Manne da tanki na uku akwai ɗakin da mata arba'in da biyu ke ɗura mai a galan, kuma 'yata ta biyu ce shugabarsu. Na faɗi wannan tun da wuri don kada wani ya ce na ɓoye inda ta shafe ni.

Aikin Baba Fensir sauraro ne. Ƙarfe ba ya tsagewa shiru. Duk lokacin da 'yar tsaga ta ƙara tsawo, ko da kaurin gashi ne, takan yi wani ɗan ƙas da kunnen mutum ba ya kamawa, sautin ya bi jikin bangon da gudu. Don haka ake manna wa tanki wasu 'yan na'urori masu girman murfin kwalba, da giris da maganaɗisu. Shi kunnuwa yake kiransu. Duk bayan shekara biyu a kwashe man, a riƙa ɗura ruwa a hankali ana sauraro. Kunnen da ya riga ji shi ne mafi kusa da ciwon, kuma daga ratar lokacin da ke tsakanin kunne da kunne ake gano wurin.

To fensir fa? In aka jingina bakin fensir a jikin ƙarfe aka karya, ƙas ɗin da yake yi ya yi kama da muryar tsaga. Littafin aikin ya ce a karya sau uku a gefen kowane kunne don a tabbatar yana ji. Kowa haka yake yi, ya wuce. Shi kuwa tun yana da ƙuruciyarsa ya ƙi gamsuwa. Ya ɗauki alli ya zana wa jikin kowane tanki layi tsaye da kwance, gida-gida, ya hau katako, ya bi kowace mahaɗa yana karya fensir yana rubuta wane kunne ne ya ji, kuma yaushe. Tanki ɗaya yakan ci masa makonni. Littafi goma sha ɗaya ya cika da wannan. Abokan aikinsa sun yi masa dariya har suka gaji.

Mai walda, wanda suka fara aiki shekara ɗaya, ya ba ni labarin tanki na biyar. An taɓa yanke hukuncin a sare shi a sayar wa masu gwangwani, saboda surutunsa ya yi yawa a gwaji. Baba Fensir ya duba littafinsa ya ce a bar shi, noti ne ya saki a rufi yake kaɗawa. Aka hau aka ɗaure notin, tanki ya yi tsit. Yana nan yana aiki har gobe. Na kawo wannan ne don a san ba mutum ne mai neman ɗaga hankalin jama'a ba.

Bara kamfanin ya sayo sabuwar na'ura. Tsohuwar lambobi kawai take fitarwa a takarda, sai Baba Fensir ya zauna da littafinsa ya fassara. Sabuwar kuwa ita ke zana hoton tankin a allon kwamfuta, ta ɗiga jan ɗigo a inda ta ce sautin ya fito. Tare da ita aka ɗauki Injiniya, matashiya mai digiri biyu, wadda karatunta shi ne kwaikwayon tafiyar sauti a cikin kwamfuta. Ba ta da girman kai. Abin da take da shi ya fi girman kai wuyar magani: ta yarda da littafi. Ban ga laifinta ba. Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da kimiyya, ina rubuta wa yara a allo cewa gudun sauti a cikin ƙarfe kaza ne, lamba ɗaya tak, kuma duk wanda ya rubuta wata na ja masa jan biro.

Daga zuwan na'urar aikin Baba Fensir ya koma shafa giris da jan waya. Littattafan suka koma ƙasan durowa. Maiɗakinsa ta ce mini a watannin nan ko rabin abincinsa ba ya ci.

Ranar Asabar ta makonni uku da suka wuce aka yi gwajin tanki na uku. Abin da zan faɗa na tattaro shi ne daga bakin Injiniya, da Mai walda, da 'yata wadda ta je buɗe musu ɗakin, da kuma shi kansa, wanda sai da na yi kamar ina cire masa haƙori.

Da hantsi ya gama manna kunnuwa takwas. Shekara goma ke nan da aka yi wa tankin riga ta auduga da kwano don riƙe zafi, saboda haka ta 'yan tagogin da aka bari a jikin rigar ake kai wa ga ƙarfen. Injiniya ta bi kunnuwan ɗaya bayan ɗaya, ta karya fensir sau uku a gefen kowanne, duk suka amsa. Aka saki ruwa. Shi ya ja kujerar roba ya zauna a bayanta, inda yake iya hango allon ta saman kafaɗarta.

Har ruwa ya kai rabi ba abin da ya motsa. Yana wuce kashi biyu cikin uku jan ɗigo ya fara fitowa, ɗaya, uku, goma, duk a wuri guda, a gindin tsanin da ake hawa tankin. Aka tsayar da ruwa, ɗigon bai tsaya ba. Kafin azahar sun haura ɗari biyu.

"Tsani ne," in ji Injiniya, ta juyo wajen Manaja. "In tanki ya cika yakan ɗan buɗe, sai ƙafar tsani ta goge shi. Littafin ya ambace shi, ba tsaga ba ce."

Manaja ya yi ajiyar zuciya. Motocin ɗanyen mai na hanya, ranar Litinin da safe yake son a cika tankin. Ya zaro takardar shaida, wadda sai mutum biyu sun sa mata hannu: injiniya, da wanda ya manna kunnuwa. Ta sa nata, aka miƙo wa Baba Fensir biro.

Ya riƙe biron bai sa hannu ba. Tsanin nan shi da hannunsa ya sa wa ƙafafunsa roba shekara shida da suka wuce, don dai ya rufe masa baki, kuma tun daga lokacin bai ƙara jin muryarsa ba. Amma wa zai gaya wa? Saura masa wata guda. Yarinyar nan ta fi shi karatu nesa ba kusa ba, kuma ba ya son ya kunyata ta a gaban Manaja. Ta ƙofar da ke buɗe yana hango 'yata tana gyara kujerun ɗakin ɗura mai, tana jera su a jikin bango. Bangon nan, bayansa tanki ne.

"Injiniya, 'yata," ya ce, "ɗigon nan na da lambobi a ƙarƙashinsa? Irin na tsohuwar?"

"Akwai, Baba, amma ba a bukatarsu. Na'urar ta riga ta yi aikin."

"Ki nuna wa tsoho, ko don ya wanke ido."

Ta danna, lambobi suka fito. Kunne na huɗu ne ya fara ji, sai na bakwai, sannan bayan wata doguwar rata na biyu. Ya buɗe jakarsa ya fito da littafi mai baƙin bango wanda giris ya gama ci. Ashe tun safe ya ɗauko shi daga durowa. Ya riƙa buɗe shafi yana lasar yatsa, har ya tsaya a wani.

"Baba Fensir," in ji Manaja, "don Allah kada ka sa mu kwana a nan da littafin tarihi. Ka sa hannu mu tafi."

"Zan sa, yallaɓai. In dai ranar Litinin za a kawo teburinka ɗakin matan nan, ni ma in kawo kujerata, mu wuni tare."

Mai walda ya ce a shekara talatin bai taɓa jin ya yi wa na gaba da shi magana irin wannan ba.

"Minti goma nake roƙo," Baba Fensir ya ce. "Injiniya, ki share allon, ki zuba ido."

Tsakanin tankin da bangon ɗakin matan akwai wani lungu da mutum ba ya shiga sai a karkace. A can ƙasa bututun fitar da mai yake, da 'yar taga a jikin rigar. Dattijo mai shekara sittin ya cire hularsa, ya ba Mai walda ya riƙe, ya kutsa yana jan gwiwa. Suna jin nishinsa. Can ya ɗaga murya: "Ga shi nan." Ya karya fensir a gefen bututun.

Jan ɗigo ya fito a gindin tsani, taku shida daga inda yake kwance.

"Sake, Baba," in ji Injiniya. Muryarta ta canza.

Ya sake, ɗigo ya sake fitowa a tsani. Na uku ma haka. Ba wanda ya taɓa tsanin, ba iska, ba komai.

Ya fito da yanar gizo-gizo a gemu. Injiniya na tsaye, ta dafe tebur da hannu biyu.

"Ta yaya?" ta ce.

"Ni ban san sunansa a turance ba, 'yata. Abin da na lura, in bango siriri ne, ƙas ɗaya ɗan aike biyu yake tashi, wa da ƙane. Ƙanen akwai gudu amma raɗa yake yi. Wan kuwa jan ƙafa gare shi, sai dai murya. Kunnen da ke kusa yana jin ƙanen. Na nesa ba ya jinsa, sai wan ya iso. Ita kuma na'urarki ta ɗauka mutum ɗaya ne ya zaga su duka."

Injiniya ta gaya mini cewa a nan ne abin ya faɗo mata. Ta san wannan. Ta karanta shi, ta ci jarrabawa a kansa: a faranti siriri sauti yakan rabu biyu, ɗaya ya bi tsawon ƙarfen, ɗaya ya tafi yana lanƙwasa shi kamar an kaɗa fallen kwano. Abin da ba ta taɓa tambaya ba shi ne da wane gudu na'urar ta zo a saite. Da ta duba, na bango mai kauri ne, lamba ɗaya tak, irin wadda na yi shekaru ina rubutawa a allo. Karya fensir a gefen kunne kuwa, abin da yake nunawa kawai shi ne kunnen na ji. Bai nuna ya san daga ina ba.

Ta ɗauki takardar shaidar ta ja layi a kan sa hannunta. A gaban Manaja ta yi, kuma don wannan ita ma ina cire mata ɗankwali.

"Baba, za ka ara mini littafin?"

"Rubutuna kamar tafiyar kaza ne."

"Sai ka zauna ka karanta mini."

Wunin Lahadi suka yi a ofishinta, yana karanto lambobi tana shigarwa, mahaɗa ɗari uku da 'yan kai, waɗanda ya karya wa fensir tun tankin ba shi da riga. Da su ta gina wa na'urar sabon hoton yadda sauti ke tafiya a jikin wannan tankin, shi kansa, da bututunsa da ɗinkin waldarsa. Da la'asar ta sake zuba mata sautukan ranar Asabar. Ɗigo ɗari biyu da goma sha huɗu suka tashi daga tsani kamar an kore su, suka jeru a kan ɗinkin waldar da ya zagaye bututun.

Ranar Litinin aka hana mata shiga ɗakinsu. Aka zubar da ruwa, Mai walda ya yaye rigar, ya goge wurin, ya shafa wani jan ruwa mai shiga kowace kafa, ya share, ya fesa farar hoda. Suka tsaya suna kallo. A hankali wani siririn jan layi ya fito a kan farin, ya yi ta tsawo har ya kai taƙi biyu.

"Abin da ya rage bai fi ɓawon ƙwai ba," in ji Mai walda. "Ruwan sanyi ya daure masa. Mai mai zafi kuwa, a ɗura a kwashe, a ɗura a kwashe, ni dai ba zan tsaya a nan ba."

Manaja ya kifa bokiti ya zauna a kai. Sannan ya ce, "Baba, da na matsa maka fa?"

"Da ka sha surutun mata, yallaɓai. Su arba'in da biyu ne."

Aka yi dariya.

Ba zan ce muku ya ceci rai arba'in da biyu ba, don ba na son irin wannan ƙarin gishirin. Ba wanda ya san ranar da tsagar za ta buɗe. Wataƙila ta kai shekara, wataƙila ba ta kai azahar ɗin Litinin ba. Abin da na sani, na je da ƙafata na auna: daga bututun zuwa kujerar 'yata taku huɗu ne, kuma bangon da ke tsakani bulo ɗaya ne.

Da yammacin ranar na ɗauki tsohon littafin da na koyar da shi na shiga gidansa. Na nuna masa lambar, na ce ashe ƙarya na koya wa 'ya'yan mutane. Kunya ta kama shi kamar shi ya yi laifin.

"A'a, Malama, littafinki bai yi ƙarya ba. Ƙarfe mai kauri yake nufi. Bai dai faɗa ba ne."

Na yi shekaru ina neman wanda zai faɗi wannan a taƙaice game da littattafai da yawa.

Baba Fensir, kai ne ka ƙi yarda cewa ji da sanin inda aka ji abu ɗaya ne. Kai ne ka hau katako a rana kana karya abin da yara ke kuka in nasu ya karye, ana yi maka dariya, kana rubutawa. Da aka mai da kai mai shafa giris ba ka yi zuciya ka ƙone littattafanka ba, ba ka kuma bar su a durowa ranar da ake bukatarsu ba. Da gaskiya ta fito a hannunka ba ka taka yarinyar nan da ita ba, ka zauna ka karanta mata. Mai kunne takwas, sannu da aiki.

Injiniya yanzu tana bin sauran tankunan biyar da littattafansa goma, kuma ta ce kowace taga da ke jikin rigunansu sai ta karya mata fensir. Fensir biyu ya ba ta. Na ukun ya kai wa maiɗakinsa. Shekaranjiya ta zauna rubuta lambar waya da shi, ta danne da ƙarfi, bakin ya karye. Daga cikin ɗaki na jiyo shi ta katanga yana cewa, "Na ji. Daga kicin, kusa da taga."

A kowace ma'aikata akwai irinsa, wani ko wata da ke da littafi mai baƙin bango a ƙasan durowa. Ku masu ofis, ku tambaye su abin da ke ciki tun suna nan, kada ku jira ranar agogon bango. Ku masu kwamfuta, in na'ura ta nuna muku ɗigo, ku tashi ku je wurin ku gwada ta, ku ga ko ta san inda kuke. Ku kuma da ake wa dariya saboda kuna aunawa sau ɗari inda littafi ya ce sau uku, ku ci gaba da rubutawa.

An mai da matan wani ɗaki har a gama gyara, kuma 'yata ta ce ba fanka, ga sauro, ga kujerun ba su da majingina. Kullum da yamma takan biyo ta gidana ta juye mini wannan mitar tun daga ƙofa. A da nakan katse ta in ce ta gode wa Allah. Yanzu nakan ajiye abin da nake yi, in saurara har ƙarshe, in ce ta ƙara. Na gode, maƙwabcina. Allah ya ba ka hutu mai daɗi da kunne lafiyayye. Ga 'yar tawa nan ma ta iso, ina jin ta tana faɗa da sakatar ƙofa.